Ficewa daga ECOWAS ba ta raba Nijar da sefa ba

Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ƙungiyar raya tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 28 ga Janairun 2024, mutane da yawa suka ɗauka cewa sun yi watsi da kuɗin sefa ke nan. Wannan kuskure ne, kuma yana rikita muhawarar da ake yi kan ficewar.

Sefa kuɗin wata ƙungiya ce daban, UEMOA, ta haɗin kan tattalin arziki da kuɗi a Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1994 kuma take da ƙasashe 8. Babban bankin da ke fitar da kuɗin, BCEAO, yana Dakar. ECOWAS kuwa, da aka kafa a Legas a 1975, ba ta da kuɗin bai-ɗaya har yau. Shi ya sa Najeriya ke da naira, Gana ke da sidi, alhali duk mambobinta ne. Ƙasashen nan uku ba su fita daga UEMOA ba, don haka sefa ne a aljihun mutumin Maraɗi da na Bamako.

Ita ma ficewar ba a rana ɗaya ta tabbata ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1993 ta tanadi wa'adin shekara guda, sai 29 ga Janairun 2025 ta kammala. Ko a lokacin, ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo mai tambarinta da barin mutane da kaya su wuce, har sai an fitar da sabon tsari. Wannan sabon tsarin ne ya fi damuna, domin shi zai yanke makomar fatake da makiyayan da ke tsallaka iyaka kullum.