Yatsu biyu da suka sauya amon jita

Kusan kullum sai na ci karo da jerin abubuwan da wai ba a sani ba game da mawaƙi wane: motoci nawa ya tara, sau nawa ya yi aure, nawa ya zuba a agogon hannu. Wallahi irin wannan ya fita raina. Ni labarin da nake so a ba ni shi ne wanda zai sa in koma in saurari mutumin da sabon kunne.

Ku dubi Tony Iommi, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙan rock ta Black Sabbath. Yana ɗan shekara 17 yana aiki a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham ta Ingila. Ranar da zai ajiye aikin ya rungumi kiɗa, ranar inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da daman yake danne tsirkiya. An taɓa shi daidai inda abincinsa yake.

Yana zaune ya fid da rai, sai shugabansa na wurin aiki ya sa masa faifan wani makaɗin jita, Django Reinhardt, wanda gobara ta shanye wa yatsu biyu na hagu a 1928, amma ya koma ya gagari makaɗan jazz a Faransa. Jin haka yaron ya miƙe. Ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa dungulmin yatsunsa 'yan huluna, ya manna musu fata don kada su riƙa zamewa. Ya sa tsirkiya sirara, daga baya kuma ya sassauta su saboda zafin dannawa. Sassautawar nan ta sa amon ya sauka ƙasa, ya yi kauri, ya yi nauyi, kuma wannan nauyin na daga cikin tubalan da aka gina kiɗan heavy metal, wato salon rock mai amo mai nauyi da ƙarfi, a kansu. Don Allah ina za a haɗa wannan da lissafin motoci?

Haka Brian May, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙan rock ta Queen. Mutane sun fi yayata cewa ya kammala digirin digirgir a ilimin taurari a 2007, kuma abin a yaba ne. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jitarsa: shi da mahaifinsa suka sassaƙa ta a gida, har da katakon da ke kewaye da wani tsohon murhun ɗumama ɗaki, ya kuma riƙa kaɗa ta da sisin Ingila, shi ya sa amonta bai yi kama da na kowa ba.

Daren jiya na sake kunna Black Sabbath, hankalina duk yana kan hulunan robar nan. Mutumin ba ya jin taɓin tsirkiya a waɗannan yatsun, kunnensa ne yake gaya masa ko ya danna daidai.