Kai da ka daɗe a waje, faɗa wa yaron nan gaskiya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Wani abu na gani cikin makon nan a wata majalisa a Tudun Wadan Zariya bayan sallar isha'i, har yanzu yana ci mini rai. Wani bawan Allah da ya shekara bakwai a ƙasar waje ya zo ganin gida. An ba shi tsakiyar tabarma, samari sun kewaye shi, yana zuba labari: wuta ba ta ɗaukewa, jirgin ƙasa ba ya makara, albashin wata guda in ka canza shi zuwa naira sai ka riƙe baki. Can gefe wani yaro da bai fi shekara 22 ba ya tsuguna ya ce, "Yaya, don Allah in mutum ya samu hanya, ya tafi?" Ya ce masa, "Kai dai ka samu ka fita, komai zai warware." Yaron ya miƙe yana murmushi. Duk wanda ya san gidansu ya san abin da za a sayar, gonar gado ce guda ɗaya tak.

'Yan uwa, wannan amsa cin amana ce. Wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, haka Manzon Allah (SAW) ya faɗa. Kuma ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya ne. To wannan ciwon ya yi mana katutu a garin nan: mutum ya yi shekaru a ƙetare, ya sha zuma ya sha maɗaci, in ya waiwaya zai ba da labari sai ya tsame zumar ya miƙa wa ƙannensa, maɗacin ya haɗiye abinsa.

Babu mai musun alherin tafiya. Zazzau ba za ta musa ba. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello nawa ne a Samaru da Kongo da Shika suka yi karatunsu a waje suka dawo ana ta cin moriyarsu? Nawa ne suka zauna gaban malamai a Madina da Azhar? Wanda ya yi sallar asuba a Harami wata da watanni, ko ya zauna sahu ɗaya da Bature da Balarabe da Ba'indiye, ko ya ga ƙasar da ake bin layi kuma ake cika alkawarin lokaci, ya ga ni'ima, ya faɗe ta ya gode wa Allah. Amma Annabin da ya hore mu da godiya shi ne ya ce tafiya yankin azaba ce, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, in ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Me ya sa wannan rabin kullum yake ɓacewa a bakinmu?

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne aka fi ruɗin yara. Ka faɗi albashi ka yi shiru, yaro ya ɗauko waya ya buga da farashin canji. Ai ba a nan za ka kashe kuɗin ba, a can za ka kashe su. Haya a ƙasashe da yawa duk wata ake biya, ba shekara-shekara irin namu ba, kuma kafin a ba ka makulli sai ka ajiye kuɗin jingina. A Ingila haraji ana cire shi tun kafin albashin ya shigo hannunka. Ga kuɗin mota, ga na wuta da na ɗumama ɗaki da sanyi, ga sabunta takardar zama, ga tikitin zuwa gida. Abin da ya rage bayan wannan shi ne albashinka na gaskiya, kuma shi ya kamata ka faɗa. Mai zuwa karatu Ingila sai ya biya kuɗin kiwon lafiya tun wajen neman biza, fam 776 kan kowace shekara a ƙa'idar da ta fara aiki a Fabrairun 2024, sannan kuɗin da zai nuna na ɗaukar nauyin kansa sai sun zauna a asusu kwana 28 a jere ba su ragu ba. Da yawa aro suke yi a zuba, biza na fitowa a mayar wa masu shi, yaro ya sauka a ƙasar mutane aljihu wayam da zaton zai yi aiki ya biya makaranta. Awa 20 kawai doka ta yarje masa a mako lokacin karatu. Awa 20 da ƙyar take riƙe haya da abinci, balle kuɗin makaranta. In ya zarce aka gano, bizar ce za ta tafi.

Sannan naira ba ta da alkawari. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu da tsohon farashi ya wayi gari kuɗin zangon karatu ɗaya ya ninka sau uku. Kai da kake can ka ga waɗanda makaranta ta rufe wa ƙofa saboda haka. Ka gan su da idonka. Don me ba ka faɗa?

Sai takardu, kuma a nan nake roƙon mutanenmu na Saudiyya da su ji tsoron Allah. Bizar umara ba ta aiki ba ce. Wanda ya shiga da ita ya maƙale ya zama marar iƙama, wato takardar izinin zama, kuma marar iƙama ba ya buɗe asusun banki, ba ya yin rajistar layin waya da sunansa, zuwa asibiti ma sai da fargaba. In ya hango motar jami'ai sai ya sauya hanya. In ya haihu a can, yaran su tashi ba takarda, shiga makaranta ya zama aiki. Ƙarshenta kamu, zaman tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a ɗauki hoton yatsu, a sako shi jirgi da kayan jikinsa. Wanda ya je ta hanyar kafili ma ba a nan ta tsaya ba. Akwai kafilin da zai karɓe fasfo tun ranar farko, alhali dokar ƙasar ta hana. In albashi ya tsaya ka gudu, ya kai rahoton hurub, wato ka tsere daga aiki, kana iya komawa mai laifi ko da kai aka zalunta. Sassaucin da aka yi wa ma'aikata a 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, su ne kuwa aka fi ɗiba daga wajenmu. Hajiya, ke da kika yi shekara biyar kina wanke-wanke da goge-goge daga asuba har tsakar dare, kika dawo da haƙorin Makka da akwati biyu, kin gaya wa 'yar maƙwabciyarki awa nawa kike barci? Ko zoben kawai ta gani?

Haka abin yake ko'ina. Bizar ziyara ta ƙasashen Turai masu biza ɗaya kwana 90 ce cikin kwana 180. A Amurka wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ya fita, shekara 3 ba zai koma ba, in ya kai shekara guda haramcin ya zama na shekara 10. Shi ya sa za ka ji mutum mahaifiyarsa ta rasu bai zo ba, aka ce aiki ne ya riƙe shi. Ba aiki ba ne. Ya san in ya fito ƙofar ta rufe. Wannan kukan shi kaɗai ya yi shi a ɗaki, sannan ya wanke fuska ya ɗora hoto a Facebook cikin ƙanƙara.

Masu karatu kuma, ku gaya wa iyaye cewa takardar waje ba a shigowa da ita kai tsaye. Sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin a je bautar ƙasa, likita kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, na Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu suka baro karatu a tsakiya, na Sudan aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar. Wanda ya fito ba tare da takardar sakamakon shekarun da ya yi ba, sai ya ga kamar bai taɓa shiga aji ba. Wannan darasi ne mai sauƙin faɗa: duk ƙarshen shekara ka karɓi sakamakonka a rubuce, ka ɗauki hotonsa da na fasfo da na biza, ka aika wa wani amintacce a gida.

Abin da ya fi damuna shi ne addini, don shi ne ba a taɓa ambata a majalisa. A Landan cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ke nan azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin aiki suke faɗowa. Juma'a ranar aiki ce. Ba ladan da zai tashe ka, ba maƙwabcin da zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce Malam an tayar. In azumi ya faɗo a tsakiyar bazararsu yana kaiwa awa 18. Wanda ya tashi a Zariya, inda kiran salla ke zuwa masa daga masallaci uku a lokaci guda, bai san nawa ne daga ibadarsa jama'a ke ɗauke masa ba sai ya rabu da su. Haɗa salloli yakan fara da uzuri, ya koma al'ada, wata rana a wayi gari Juma'a uku ta wuce. Ga aikin da ake samu da sauri, sau da yawa akwai ɗaukar giya ko naman alade a ciki. Yaron nan da ya tsuguna gabanka yana da haƙƙin ya ji wannan tun yana gida, ya yi shiri, ya san tambayar da zai yi kafin ya karɓi aiki ko ya kama ɗaki nesa da masallaci.

Ga kuma wadda aka bari. Amarya ta wata shida, an ce mata shekara ɗaya ce, yau shekara biyar tana ɗaki a gidan surukai, ba ita ga aure ba ita ga zawarci. Tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai a Ingila ba sa iya ɗaukar iyali, sai masu digirin bincike. An ruwaito Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa 'yan watanni su koma ga matansu, su da suke fagen jihadi. Kuɗin da kake turowa ba sa zama da ita in yaro ya yi zazzaɓi cikin dare. Ɗanka yana kiran ƙaninka Baba, kai kuma ya san ka a fuskar waya.

Na san abin da za a ce: rufin asiri. Gaskiya ne, ba a ce ka hau mumbari ka tona wahalarka ba, ba a ce ka ɗaga wa mahaifiyarka hankali ba. Ka yi shiru a taro in ka so. Amma ranar da mutum ya zo ya tambaye ka don zai sayar da gona, ko zai ci bashi, ko zai miƙa 'yarsa ga ejan, shirunka ya daina zama sutura, ya zama ramin da ka rufe da ciyawa. In ya faɗa, da hannunka a ciki. Kuma mu duba zukatanmu da kyau, sau da yawa ba asiri muke rufewa ba, girman da ake ba mu ne ba ma so ya ragu.

Ka ja shi gefe, ku biyu. Ka ce ya nuna maka bizar, ku karanta irinta da wa'adinta tare. In aiki ne, ina takardar yarjejeniya, nawa ne albashi, wa zai biya masauki da iƙama da tikitin dawowa? In ejan ya ce sai an sauka za a ga takarda, ka ce masa kada ya ba da ko sisi. Ku duba fasfo, ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda ya rage ƙasa da wata shida. Ka rubuta masa abin da kake kashewa a wata, da alƙalami, kada ka rage komai. Ka tambaye shi wa zai riƙe iyalinsa, da me, har zuwa yaushe. Ya rubuta bashin da ke kansa da wasiyyarsa a gaban shaidu. Ya ware kuɗin dawowa da ba zai taɓa ba ko yunwa za ta kashe shi, domin wanda ba shi da kuɗin komawa gida kowa ma juya shi yake yi. In bayan duk wannan ya yi istihara ya ce zai tafi, ka yi masa addu'a, ka ba shi lambar mutumin kirki a can.

Don girman Allah, Yaya, Alhaji, Hajiya, Dakta, ku daina ba da rabin labari. Akwai yaron da ka ce wa "kai dai ka fita" a zuwanka na bara ko na bana. Ka san shi, ka san gidansu. Nemi lambarsa yau ka kira shi tun ba a sa hannu a takardar gonar ba.