Haya a Manchester da haya a Kano, kowa da irin kukansa

Duk sanda na ce wa 'yan gida a Kano cewa a nan Manchester ma mutane kuka suke da tsadar muhalli sai a ce kai dai ka samu wuri, wai mai karɓar fam ne zai yi maganar haya. To wallahi kukan na gaske ne, ba dai irin namu ba ne.

A nan doka tana bayan ɗan haya sosai. Tun 2019 aka hana ejan karɓar la'ada a hannun mai kama haya a Ingila, kuɗin ajiya a yawancin gidaje ba ya wuce kuɗin hayar sati 5, kuma wata-wata kake biya. Wanda ya saba da dillalin Kano mai cewa kawo na shekara cif, ga la'ada, wani ma har da kuɗin ganin gida, zai ɗauka nan an huta. Sai dai doka ba ta gina ɗaki. Gida ɗaya zai fito a Longsight ko Cheetham Hill kafin ka buga waya layin masu dubawa ya cika, mai gida ya zauna yana zaɓe, a duba albashinka a duba tarihin bashinka, in kuma sabon zuwa ne kai a ce sai ka kawo mai tsaya maka, kai da ba ka san kowa ba a garin. Gidajen kansul, wato na ƙaramar hukuma, da talaka ke samu da sauƙi tun 1980 gwamnatin Thatcher ta fara sayar wa mazauna ciki ba a kuma mayar da gurbin yawancinsu ba, yanzu iyalai sama da miliyan 1 ne ke jiran layi.

Saye kuwa, kuɗin gida ya kai kusan ninki 8 na albashin shekara, sai bashin banki na shekara 25 da ruwa, wanda da yawanmu ba ma iya kwana da shi a zuciya.

Abin da nake so mutanenmu su gane, muna da wata ƙofa da Baturen nan ba shi da ita, kuma mun raina ta. Malamin firamare a Kano zai yi adashe ya sayi awon igiya can bayan Rimin Kebe ko Ɗorayi, bana ya zuba bulo, baɗi ya yi linta, ya rufa ɗaki ɗaya ya tare da iyalinsa sauran a hankali. Babu kwalbati babu titi, damina ta zo a sha wahala, na yarda, amma nasa ne, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa ƙarshen shekara. Nan ko kana da fili ba ka isa ka aza bulo ɗaya ba sai kansul ta ba da izini.

Ƙofar nan ce nake tsoron tana rufewa. Tunda buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024, ga rodi ga kwano duk sun bi, kangwaye nawa ne suka tsaya a linta? Masu su kuma sun koma neman haya, haya ta ƙara tashi. Ni da za a ji tawa, maimakon a sake gina rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da suka daɗe ba a cika su ba don talaka bai isa ba, gara gwamnati ta riga masu awon igiya zuwa bayan gari, ta yanka ƙananan fulotai da takarda, ta ja titi da magudanar ruwa, ta bar wa mutane ginin.