Indiyancina da Kwalin Milo

Tunda maganar ta riga ta kai Mamobi, har wani yaron turoturo, motar hayarmu ta Accra, ya kira ni "Malam Sukari" jiya a Sakul, gara in faɗa da bakina kafin Ɗan Katar ya gama zuba mata gishiri.

Kun san yadda muke yi ranar Asabar bayan lisha a bes ɗinmu na Nima. Farin zanen gado a bangon Kawu, majigi a kan bulo biyu taku huɗu daga bango, wayar HDMI daga kwamfuta, lasifikar aro, kowa sidi biyu. Fim ɗin ranar na Indiya ne: wani direban bas aka kashe wa 'yarsa tilo, 'yan sandan garinsu suka ci kuɗi suka binne maganar, shi kuma ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Awa biyu da rabi. Ni ne mai fassara kamar kullum, don wata takwas ke nan unguwa ta yarda ina jin Indiyanci.

Ba na ji. Daga "acca" da "nehi" da "pani" jarina ya ƙare. Rubutun Turanci da ke fita a ƙasan hoto nake karantawa a fuskar kwamfuta. Don kada ya hau zane, ina tsayar da guntun kwalin Milo kamar taƙi ɗaya a gaban gilashin majigin, ya tare kashi ɗaya cikin biyar na ƙasan hasken. Rubutun sai ya faɗa kan kwalin a dagule, ba mai iya karanta shi. Duk wanda ya tambaya, in ce masa na tare ƙura ne.

Ga inda aka samu matsala, kuma ku riƙe wannan ko don gaba. Rubutun fassara fayil ne daban, mai ƙarewa da srt, kowane layi da lokacinsa a rubuce. Fim ɗaya kuma yana iya zuwa iri biyu: wani na gudu hoto 25 a sakan, wani 23.976. Ni na ɗauko fim mai 23.976 na haɗa shi da rubutun da aka auna wa mai 25. Bambancin ya ɗan haura kashi huɗu cikin ɗari, kamar ba komai. Amma tarawa yake yi. Bayan minti goma rubutu ya riga baki da sakan ashirin da biyar, bayan awa ɗaya da minti biyu da rabi, bayan awa biyu da minti biyar. Maganinsa a gwada farko da tsakiya da ƙarshen fim tun da rana, in an ga yana zamewa a nemo rubutun da ya dace. Ni farkon kawai na duba, na ga daidai, na tafi cin tuwon zafi.

Rabin farko na lallaɓa. Ina karanta layi, in ajiye a ka, in jira bakin mai shi ya motsa, abin da na manta in cike da nawa. Har yabo na samu. Da aka zo hutun tsakiya na tsayar don a sha ataya, sai majalisa ta buɗe.

Baba Mahauci ya fara, kuma shi jinin ne ya ɓata masa rai. Ya ce shekara arba'in yana yanka, bai taɓa ganin jinin da ya kwana a ƙasa yana ja kamar jan Fanta ba. Jini yana daskarewa cikin 'yan mintuna, ya yi duhu, da safe ya koma ƙasa-ƙasa. Kuma wuƙar da uban ya wasa a dutsen niƙa, a tsaye ya riƙe ta, wannan kashe kaifi ne, ana kwantar da ita ne a ja gefe da gefe. "Da wannan wuƙar ko kaza ba za ta mutu ba, sai dai ta yi fushi."

Makanikenmu na bakin gota ya karɓe. Uban ya yanke bututun man burki na motar mugu na biyu da dare, mugun ya tashi da safe ya yi tafiyar rabin awa, sai a kan dutse burki ya ƙi. Ya ce ƙarya ce. In ka yanke bututu, takun farko feda za ta yi laushi ta nutse, tun a ƙofar gida direba zai sani, ga man a ƙasa yana sheƙi. Motocin yanzu ma layin burki biyu gare su, ɗaya ya mutu ɗaya na ɗan kamawa, ga burkin hannu da ba ruwansa da mai. Fashewar da motar ta yi kuwa ya fi ba shi haushi, don ya ji ƙarar injin, na gas ne, wato dizal, kuma dizal ba ya tashi da wuta haka kamar fetur.

Kofur, da ya yi ritaya tun ina firamare, lissafin harsashi yake yi a kan yatsu. Libarba mai cin shida, uban ya harba goma sha ɗaya bai sake ɗurawa ba. Ya ce a nan Gana da tuni an kai shi Babbar Kotu gaban alƙali da mutum bakwai masu taya shi yanke hukunci, kuma tunda majalisa ta cire hukuncin kisa ga mai kisan kai a 2023, ɗaurin rai da rai zai sha a kurkukun Nsawam. Wani yaro ya ce ai 'yan sandan ne suka ci amana. Kofur ya ce, "Na Indiya." Ya ƙara faɗa, "Na Indiya, ɗana," ya kurɓi atayarsa.

Hajiya mai waakye ita ba ruwanta da duk wannan. Tun da aka nuna takalmin yarinyar a bakin titi take share ido da gefen mayafi. Abin da ya dame ta, gida ya yi rashi amma ba ta ga maƙwabci ko ɗaya ya shigo da kwanon abinci ba, ba zaman makoki, ba mai cewa uban ya ci wani abu. "Mutum ya kwana bakwai da yunwa shi kaɗai a ɗaki, me zai hana shi ɗaukar wuƙa? Ita kuma uwar fa? An bar ta da hoto a bango, shi yana yawon jarumta."

Na kunna rabi na biyu. Yanzu rubutu ya yi mini nisa sosai, kaina ya cika kamar turoturon Madina da yamma. Ana cikin haka uban ya kashe direban mugu na uku, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, sai Malam, wanda ya ce wucewa kawai yake yi amma ya zauna awa biyu, ya ɗaga hannu. Ya ce wannan shi ne wuce iyaka da aya ta 33 a Suratul Isra'i ta hana. Waliyyin jini yana da haƙƙi, ko ƙisasi, ko diyya, ko ya yafe, ga ta nan a Baƙara aya ta 178, amma hukuma ke zartarwa. Makanike ya ce to mutum huɗu saboda yarinya ɗaya fa? Malam ya ce wannan kam da asali, a Muwaɗɗa Sayyidina Umar ya kashe jama'a saboda mutum ɗaya da suka taru a kansa, amma Umar shugaba ne, ba direban bas ba. Na juya ina saurare, har ina gyaɗa kai kamar wanda ya sauke Risala.

Da na waiwayo, sai na ga layi a kwamfuta da alamar motsin rai har biyu. Na manta da minti biyar ɗin. Na miƙe tsaye, na riƙe makirufo da hannu biyu, na shaƙe murya yadda nake yi wa mugaye, na ce:

"Ni ne! Ni na nuna musu hanyar makarantarta! Ni na sayar da 'yarka!"

Sannan na ɗaga kai na dubi zane.

Aminin uban ne a kicin. Mutumin da ya ɗauki gawar yarinyar, ya biya wa uban kuɗin haya, wanda Hajiya ta yi wa addu'a sau uku da babbar murya. Yana sanye da singileti, yana juya shayi da cokali, yana murmushi. Ya faɗi kalma biyu, uban ya ɗaga yatsu biyu.

Wurin ya yi tsit, har ina jin fankar majigi. Baba Mahauci ya tsaya da kofi a rabin hanya. Sai wata murya daga can baya, a hankali, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo:

"Yaya, sukari ya tambaye shi. Cini kitni. Cokali nawa."

Ɗan Katar ne. Bari in tsaya a kan yaron nan. Shekara uku ya yi a wurin gini a Doha, ɗaki ɗaya da Indiyawa da 'yan Nepal, ya dawo watan jiya. Ni na raka shi filin jirgi ranar tafiyarsa, ni na biya tasi, sidi arba'in na lokacin, ba na yanzu ba. Da ya dawo ya raba wa kowa turare, har yaron da ke kwashe mana shara, ni ya ba ni maɓallin makulli mai hoton raƙumi. Asabar uku yana zama a bayan nan yana jin fassarata bai ce uffan ba, ashe tarawa yake yi. Daga baya na ji wai tun makon farko yake ba abokansa labari cewa na mayar da "wuce ka ba ni wuri" ta koma "Allah ya yi maka albarka". In kana da gyara, ba ga gidana nan ba? Uwarsa da uwata tare suke adashi.

Da na yi shiru a nan, da an ce kuskure ne. Sai na buɗe baki. Na ce, "Ƙanena, kai Indiyancin leburori ka koya. Wannan habaici ne na kudu. In sun ce sukari, jini suke nufi."

Baba Mahauci ya ajiye kofin. Ya ce shi tun ana nuna fim a silimar Duniya a nan Nima yake kallon Indiya, kafin ubana ya yi gemu, bai taɓa jin an sa wa mutum jini cokali biyu a shayi ba.

Ana wannan dariyar ne jikar Hajiya, 'yar shekara bakwai, ta ga gawayin ataya na mutuwa, ta duba ba mafici, ta zo ta zare kwalin Milo.

Jama'a, ban san rubutun nan yana da girma haka ba. Fari tas, kowane harafi kamar tafin hannu, daga wannan gefen zane zuwa wancan. Yaran makaranta da ke zaune a tabarmar gaba suka fara karantawa tare, da waƙa, yadda suke yi wa malamar aji. A zane ana shan shayi ana dariya, su kuma suna rera roƙon da aminin zai yi nan da minti biyar, yana cewa a tuna da gishirin da aka ci tare. Kowa ya dubi rubutun, ya dubi kwamfutar da ke gabana, ya dube ni. Kawu ya ce, "Au. Ƙurar ke nan?"

Na duƙa ina danna H. A VLC, manhajar da nake kunna fim da ita, H na jinkirta rubutu, G na gaggauta shi, amma kowane danni kashi ɗaya ne cikin ashirin na sakan. Minti biyar sakan 300 ne, wato danni 6,000. Kuma duk danni ɗaya sai sanarwa ta fito a saman zanen tana ƙirga mini, 50, 100, 150, yaran suka bar fassara suka koma ƙirgawa da ni. Na kai 900 na haƙura, ko sakan ɗaya ban cike ba. Na roƙi Allah a ɗauke wuta. A 2015 lokacin dumso sai mu yini mu kwana a duhu ba mu roƙa ba, ranar da nake buƙata ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Haka muka zauna minti biyar muna jiran abin da kowa ya sani. Da aminin ya durƙusa yana kuka yana faɗin ainihin maganar, ba wanda ya girgiza. Hajiya dai ta ce ta janye addu'arta duka uku, kuma a mayar mata da sidi biyunta tunda an ba ta ƙarshen fim a tsakiya. Ɗan Katar ya ƙarasa fassarar daga inda yake zaune, ba makirufo. Wallahi ba daɗi, ba ya canza murya, mace da namiji duk ɗaya. Amma ba wanda ya ce komai.

A ƙarshe uban ya ɗora bindiga a goshin aminin, ya daɗe, sai ya sauke ya miƙa kansa ga 'yan sanda. Makanike ya ce an cuce shi, wannan ne kaɗai ya cancanci harsashi. Malam ya ce sai yanzu mutumin ya yi hankali. Kofur ya ce ba hankali ba ne, harsashi ne ya ƙare tun tuni. Suka tafi da gardamar har bakin titi, aka bar ni da naɗe waya.

Mutum tara na mayar wa kuɗi, sidi goma sha takwas, har da Malam da bai biya ba. Mai lasifika ya ce ranar Asabar mai zuwa yana da suna a Fadama. Kwalin kuma yana wurin mai ataya, ya ce ya fi maficinsa kama iska.