Kuɗin goron da muke yi wa ɗaliban Jami'ar Legas

A wajen wani ɗaurin aure a makon jiya na ji wani dattijo da nake ganin girmansa yana ba da labari, cikin alfahari, cewa ya hana 'yar ƙaninsa karɓar gurbin karatun harhaɗa magunguna da ta samu a Jami'ar Legas. Ya ce gara ta zauna gida shekara guda ta sake rubuta JAMB da ya tura ta cikin 'yan iska. Mazan matsafa ne da 'yan yahu, matan kuwa bakinsa ba zai iya faɗa ba. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Na ce, "Baba Alhaji, ka taɓa shiga Akoka, inda jami'ar take, kuwa?" Ya ce, "Ɗana, ai ba sai na je ba, kowa ya sani."

Wannan "kowa ya sani" ita ta hana ni sakat. Duk shekara idan aka fara sakin sunayen waɗanda suka sami gurbi sai ta dawo, a majalisa, a saƙon muryar WhatsApp, har a bakin wasu masu wa'azi. Akasarin masu faɗar ta kuwa iyakarsu da Legas kasuwar Mile 12 ko filin jirgin sama.

Ban ce zancen ya faɗo daga sama ba. Ƙungiyoyin asiri a jami'o'in kudu gaskiya ne. Abin da Wole Soyinka da abokansa shida suka fara a Ibadan a 1952 a matsayin ƙungiyar zumunci, daga baya ya haifi 'ya'ya da jikoki masu zubar da jini, kuma Black Axe a Jami'ar Benin ta samo asali a 1977. Binciken da BBC ta fitar a watan Oktoban 2019 kan malamai masu neman ɗalibai mata da lalata don su ba su maki, a Jami'ar Legas aka ɗauki wani ɓangarensa. Duk mun gani. To amma a sake duba labaran da kyau, a ga wa aka zalunta a ciki. A binciken BBC malamai ne masu laifin, ɗalibai mata ne ake farauta, kuma jami'ar ta dakatar da malamanta biyu, daga baya ta kore su. A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, ranar 10 ga Yulin 1999, 'yan asiri sun kutsa ɗakin kwanan ɗalibai da tsakar dare suka kashe biyar, ciki har da babban sakataren ƙungiyar ɗalibai, saboda ɗaliban sun tsaya tsayin daka suna yaƙar su. Washegari ɗalibai ne suka bazama farautar makasan. Mu kuma daga nan sai muka haɗa wanda aka kashe da wanda ya yi kisan muka zuba a buhu ɗaya, muka rubuta masa "ɗaliban kudu".

Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar jami'ar da ƙarfe bakwai na safe ya san wane ne ɗalibin Akoka na gaskiya. Yaro ne da ya taso tun asuba daga Ikorodu ko Agege ko Mushin, ya sha matsi a cikin danfo, domin gadajen ɗakunan kwana ba su isa ba, sai an yi rububi a intanet kafin mutum ya samu. Yarinya ce da ke yin kitso ko sayar da turare tsakanin lacca da lacca don ta haɗa kuɗin takardu. A 2023 da jami'ar ta ninka kuɗin makaranta ninkin-ba-ninkin, waɗannan yaran ne suka fito titi suna zanga-zanga har aka ɗan sassauta. Ɗan da ke wanka da kuɗin damfara ba ya shan hayaƙi mai sa hawaye a kan kuɗin rajista. Masu manyan motocin da ake nunawa a TikTok suna nan, ba wanda ya musa, amma a makarantar da ke da ɗalibai dubu goma-goma su nawa ne? Su ake gani saboda su ke son a gan su. Mai karatu a laburare ba ya ɗaukar kansa bidiyo.

Shiga wurin ma ba wasa ba ne. Jami'ar ba ta duba wanda bai kai maki 200 a JAMB ba, ba ta kuma kula wanda bai sa ta a zaɓin farko ba, sannan akwai tata jarrabawar ta tantancewa. Yarinyar da ta tsallake duk wannan har ta samu harhaɗa magunguna ta yi abin da ya kamata a yanka mata rago.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake shigo da addini cikin zancen, kamar da zarar ka haye Neja ka bar Musulunci a baya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, wadda 'ya'yanmu ke alfahari da ita a Zariya da Kano da Sakkwato, a Legas aka kafa ta a 1954, kuma marigayi Abdul-Lateef Adegbite ne shugabanta na farko. Reshenta na Legas ne ya tsaya a shari'ar hijabi har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai mata Musulmi na da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar. Jami'ar Legas na da babban masallacin Juma'a a cikinta, kuma Musulmi irin su Farfesa Nurudeen Alao da Farfesa Rahamon Bello sun shugabance ta. Je ka ranar Juma'a ka ga sahu. Akwai 'yan matan Yarbawa a wurin da hijabinsu har ƙasa, waɗanda suka sha gwagwarmayar da 'ya'yanmu ba su taɓa sha ba kafin a bar su su sa shi.

Ko sunayen ɗakunan kwanan ma sun isa su sa mu ji kunya. Akwai na El-Kanemi, akwai na Sarauniya Amina, akwai na Makama Bida. Waɗanda suka kafa jami'ar a 1962 da waɗanda suka biyo bayansu sun ɗauke ta ta ƙasa ce baki ɗaya, da mu a ciki. Kwalejin likitancinta kuwa, inda yarinyar nan za ta yi yawancin karatunta, tana Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango, da sarkinsu da masallatansu da masu tuwonsu.

Za a ce mini tsoron iyaye halal ne kuma rigakafi ya fi magani. Na ji, amma tsoron da ba ya tambaya ba rigakafi ba ne. In don tsaron rai ne, a ina aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021? A ina Jami'ar Greenfield take, inda aka sace ɗalibai wata guda bayan nan har aka kashe wasu? Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke daga gidajen haya a Sabon Gida a watan Satumban 2023, akasarinsu mata, ba a Akoka suke ba. In kuma don tarbiyya ne, kowa ya san ƙwaya da sirop ba su tambayar yanki, kuma malami mai neman ɗalibarsa ba a kudu kaɗai ake haihuwarsa ba. Laifi tudu ne. Mu ne fa muke tada jijiyar wuya idan wani a Legas ya kira kowane ɗan Arewa "aboki" ko ɗan Boko Haram, muna cewa jahilci ne a yi wa mutum miliyoyi kuɗin goro. Jahilcin bai canja suna ba don ya fito daga bakinmu.

Kuma mu ke asara. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, waɗanda mafi yawansu namu ne. Kenan ɗan Jigawa ko Yobe na da ƙofa a Legas da Ibadan da Nsukka. Idan bai nema ba, ƙofar ba za ta tsaya jiransa ba. Sai mu tura kowa ABU da BUK, a yi ta cunkoso, yaro mai maki mai kyau ya rasa gurbi, a ƙarshe a zo ana kukan cewa bankuna da kamfanonin sadarwa da na mai, waɗanda hedkwatocinsu ke Legas, ba sa ɗaukar 'ya'yanmu. Abokin ajinka ne ke fara gaya maka an buɗe ɗaukar aiki. Iyayen Kudu sun daɗe da gane haka, shi ya sa za ka tarar da 'ya'yansu a Samaru da Maiduguri, duk da irin labaran da su ma ake ba su a kanmu.

Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu su ware wani kaso ga masu tafiya kudu, tsofaffin ɗaliban da suka yi karatu can su riƙa shiga makarantun sakandare suna faɗin abin da suka gani da idonsu. Uban da ke shakka kuma ya hau mota ya je ya kwana biyu a Yaba, yankin da jami'ar take, kafin ya yanke hukunci.

Na sake bin Baba Alhaji gida bayan kwana biyu, na roƙe shi ya bari in raka shi mu je ya gani, kuɗin mota a kaina. Ya ce zai yi shawara. Yarinyar tana gida, ta ciro tsofaffin littattafanta na JAMB ta fara bita, wa'adin karɓar gurbin kuma saura kwanaki kaɗan.