Tun da Na Fara Rubutu Na Daina Yi wa Littattafan Almara Uzuri

Raina a ɓace yake, kuma abin da ya ɓata shi wani littafin almara ne mai shafi fiye da 700 da na kwashe makonni uku ina karantawa, irin littattafan nan da ake cikawa da sihiri da dodanni da masarautun da ba su taɓa wanzuwa ba. A babin ƙarshe an rufe jarumin labarin a kurkukun ƙarƙashin ƙasa, maƙiya sun yi masa ƙawanya, sai kwatsam ga shi da wani ƙarfin sihiri da ba a taɓa ambatarsa ba tun daga shafin farko, ya fasa bango ya yi tafiyarsa. Da can baya na karanta wannan, da na jinjina wa marubucin. Yau kuwa na san abin da ya faru a teburinsa, domin ni ma na zauna a irin wannan teburi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da na fara rubuta ƙagaggun labarai na daina ganin littafi kamar riga gamammiya, sai dai in riƙa hango inda aka yi ɗinki da inda aka yi faci. Na taɓa jefa wata jaruma cikin halin da ni kaina ban san mafitarsa ba, har na shafe kusan wata guda ina komawa baya, na rushe babi uku da na riga na kammala, domin in dasa tun da wuri abin da za ta kuɓuta da shi, yadda mai karatu idan ya iso wurin zai yarda cewa an nuna masa, shi ne bai lura ba. Aiki ne mai cin rai ƙwarai. Saboda haka idan na ga wani ya tsallake shi, na san gudun wahala ya yi, kuma ni da na ba da kuɗina da lokacina aka ɗora wa asarar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu cewa ai almara ce, kome yana iya faruwa. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa gina labari ba. Mai karatu ya yarda da kai cewa mutum zai iya hawa dodo ya tashi sama, ya ba ka wannan amana kyauta, to abin da yake nema a wurinka shi ne ka tsaya a kan dokar da kai da kanka ka kafa. Idan ka ce sihiri yana cinye ƙarfin mai yin sa har ya kwanta jinya, ba ka da damar barin jarumi ya yi shi sau goma a dare ɗaya ya tashi garau. Idan ka zana taswira a farkon littafi, ka ce tsakanin birane biyu tafiyar wata guda ce, ba ka da damar aika manzo a kan doki ya je ya dawo kafin gari ya waye. Rundunar da take tafiya a ƙafa da kayanta da ƙyar take cin kilomita 25 a rana, amma sai ka ga an kwashi mayaƙa dubu ɗari an ratsa hamada da su, ba a faɗi abin da suka ci ba, ba a faɗi inda dawakinsu suka sha ruwa ba.

Masu jan labari ɗaya zuwa littattafai da yawa suna yawan fakewa da Tolkien, marubucin almarar nan da ya koyar a Jami'ar Oxford a Ingila, wai shi ma littafi uku ya yi. Gaskiyar magana ita ce The Lord of the Rings labari ɗaya ne da ya fara rubutawa a 1937, ya kwashe fiye da shekara goma a kansa, kuma masu bugawa ne suka raba shi uku a 1954 da 1955 saboda tsadar bugu. Mutumin nan har tsayuwar wata ya bi yana gyarawa domin ta dace da kwanakin tafiyar mutanen labarinsa. Masu kwaikwayonsa sun ɗauki yawan shafuka da rabon kashi uku, sun bar wahalar a inda suka same ta.

Duk da haka, babban ƙorafina yana kan kamfanonin buga littattafai da editocinsu. Marubuci yana iya makancewa da son abin da ya rubuta, shi ya sa aka ajiye edita ya ce masa wannan babi ba ya aikin kome, a cire shi, wannan mutum ka kashe shi a shafi na 200, me ya dawo da shi? A littafin da nake magana a kai, shafi wajen sittin aka ɓata ana lissafa sarakunan da suka mutu kafin labari ya fara, ba wanda ya sake tasiri a cikinsu. An ƙawata bangon littafin da zane mai ɗaukar ido, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Sannan aka yanke labarin a tsakiyar magana da gangan, domin a tilasta mini sayen na biyu, wanda ba a ma faɗi ranar fitowarsa ba. Ina kira ga waɗannan kamfanoni su rubuta a bango ƙarara cewa labarin bai ƙare ba, kuma kafin su kai littafi wurin bugu su ba wani ya bi taswirar da kwanakin da dokokin sihirin ɗaya bayan ɗaya. Na biyun kuwa, ko yau ya fito, ba zan saya ba.