Boyz II Men da waƙoƙin aro: shin rijiyar ce ta ƙafe?

Duk lokacin da tsofaffin mawaƙa suka dawo fage da waƙoƙin wasu, abin da ake fara cewa shi ne basira ta ƙare. Ni ma haka na ce a 2007, lokacin da Boyz II Men na Amurka suka fitar da kundin da suka maimaita tsofaffin waƙoƙin kamfanin Motown, irin na Temptations da Marvin Gaye da Stevie Wonder. Yanzu kam na sassauta, amma ban janye gaba ɗaya ba.

Samarin nan na Filadelfiya ba ƙananan mawaƙa ba ne. A 1992 waƙarsu "End of the Road" ta yi mako 13 a saman jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, wadda suka yi da Mariah Carey a 1995 kuwa ta yi mako 16. Daga baya kasuwa ta juya musu baya, a 2003 kuma Michael McCary, mai kakkaurar muryar nan, ya bar su saboda rashin lafiya. Suka rage su uku: Nathan, Wanya da Shawn.

Abin da na manta a lokacin shi ne, ba rubutun waƙa ne ya ɗaukaka su ba. Waccan waƙar ta 1992 ma marubucin waƙa Babyface da abokan aikinsa ne suka rubuta musu. Sana'arsu jera muryoyi ce: wannan ya ɗauko daga sama, wancan ya tare ta tsakiya, su haɗu a gaɓa guda kamar bakinsu ɗaya. Wanda ya taɓa sauraron 'yan amshin da suka ƙware ya san wannan ba aikin wasa ba ne. Kuma Motown gidansu ne, can suka fara a 1991, har kundinsu na farko ma yana ɗauke da waƙar aro ta 1975 da suka rera ba kiɗa. To, wa za a ce ya fi su gadon waƙoƙin?

Inda nake da ƙorafi shi ne tsoro. A yawancin kundin sun bi sawun masu waƙoƙin ƙafa da ƙafa, kiɗan ma kusan irin na da. In haka ne, me zai hana in koma wa na asali? Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma ba a ce a sake mata kwalba kawai a sayar mana ba. Sai a wata waƙar Stevie Wonder, inda suka ajiye kayan kiɗa suka tsaya da muryoyinsu kaɗai, na ji mutanen da na sani. Ita ce ma aka sa a takarar kyautar waƙa ta Grammy.

A nan ɗin ma, in ka toshe kunne da abin sauraro cikin dare, za ka ji giɓi daga ƙasa. Nathan yana saukar da murya iya ƙarfinsa don ya cike shi, ni kuwa kunnena na ta jiran McCary ya shigo.